Yuna: Yadda Ɗalibar Lauya Ta Ɗauki Jita a Kuala Lumpur Har Duniya Ta San Ta



Babu zangon da za ka shiga yau, daga Nima da Mamobi da Sabon Zango a Ankara har zuwa Aboabo da Asawase a Kumasi, da za ka rasa yaro ko yarinya mai rubuta waƙa a bayan littafin makaranta. Wasu sun riga sun fara naɗar murya a waya suna turawa TikTok. Iyaye suna cikin fargaba, kada yaro ya bar karatu, kada tarbiyya ta lalace, kada wani mai kuɗi ya sa shi sa hannu a takardar da bai gane ba. Su kuma yaran gani suke in bidiyo ɗaya ya yi farin jini, shi ke nan an rabu da talauci. Mu da muke zama da matasa kullum muna jin ɓangarorin biyu, kuma kowanne yana da tasa gaskiyar.

Shi ya sa wannan karon muka ɗauko tarihin wata mawaƙiya Musulma daga ƙasar Malesiya mai suna Yuna. Ta fara ne da jita ɗaya da shafin intanet, a wajen birnin Kuala Lumpur. Tsakanin shekarar da aka fitar da ita daga gasar waƙa ta talabijin da shekarar da ta yi waƙa da Usher, shekara goma ce cur. Abin da ta riƙe a cikin waɗannan shekaru goma shi ne muke so mu duba tare.

Wace ce ita, ina kuma ta fito?

Malesiya ƙasa ce a kudu maso gabashin Asiya, maƙwabciyar Singafo da Indonusiya da Tailan. Mutanenta sun haura miliyan 30, kuma kusan biyu cikin kowane uku Musulmi ne. Babban birninta Kuala Lumpur, mai tagwayen dogayen benayen nan na Petronas. Agogonsu yana gaban namu da awa 8, wato lokacin da muke shan koko da ƙosai da safe su sun idar da sallar azahar. Da yawa daga cikinmu mun san sunan ƙasar ta hanyar ɗaliban da ke tafiya karatu Jami'ar Musulunci ta Duniya da ke Gombak, kusa da birnin. Harshensu, Malayanci, ya aro kalmomin Larabci kamar yadda Hausa ta aro. Litinin ɗinmu su Isnin suke cewa, Alhamis Khamis, Lahadi Ahad.

Cikakken sunanta Yunalis binti Mat Zara'ai. An haife ta ran 14 ga Nuwamba 1986 a Alor Setar, jihar Kedah da ke arewacin ƙasar. Mahaifinta masanin shari'a ne da ya yi wa gwamnati aiki, mahaifiyarta kuma malamar makaranta ce. Ta girma a Subang Jaya, garin da ke manne da Kuala Lumpur kamar yadda Madina ko Ashaiman ke manne da Ankara. Tun tana shekara 14 take rubuta waƙa. Tana shekara 19 ta koya wa kanta kaɗa jita, ta kuma fara rera abin da ta rubuta a gaban jama'a. A daidai lokacin ɗaliba ce mai karatun lauya a jami'ar Universiti Teknologi MARA da ke Shah Alam, kuma ba ta ajiye karatun ba sai da ta karɓi digirinta a 2009.

Me ake nufi da mawaƙin "indi"?

Kalmar gajarta ce ta kalmar Turanci mai ma'anar cin gashin kai. A kasuwar waƙa ta duniya akwai manyan kamfanoni uku, Universal da Sony da Warner, waɗanda yawancin fitattun taurari ke ƙarƙashinsu. A tsarin da aka saba, kamfani ne ke ɗaukar mawaƙi, ya biya situdiyo, ya nemo masa marubuci da mai haɗa kiɗa, ya zaɓa masa kayan da zai sa, ya kai waƙar gidajen rediyo. Mawaƙi ya kawo murya da fuska, sauran duk na kamfani ne, ribar ma mafi yawanta ta kamfani ce.

Mawaƙin indi shi ne wanda ya yi waɗannan ayyuka da kansa, ko tare da ƙaramin kamfani. In kuma shi ke rubuta baitocinsa da karin waƙarsa, to ya zama marubuci kuma marerin abin da ya rubuta. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Su Mamman Shata da Barmani Choge ba su jira wani ya rubuta masu ba. Bambancin kawai shi ne a tsarin zamani, wanda ya rubuta waƙa doka ta ba shi wani kaso na kuɗi daban da na wanda ya rera. Za mu dawo kan wannan a gaba, domin a nan ne maganar take.

Daga ɗaki zuwa MySpace

A lokacin da Yuna ta taso, hanyar zama tauraro a Malesiya ita ce gasar talabijin. Shirin Akademi Fantasia, wanda aka fara a 2003, shi ke fitar da sababbin mawaƙa. A 2006 tashar 8TV ta buɗe wata gasar mai suna One in a Million, wadda kyautarta ringgit miliyan ɗaya ce, kuɗin ƙasar ke nan. Yuna ta shiga, ta kai zagayen mutum 40, aka fitar da ita.

Daga nan sai ta koma ga abin da ke hannunta. Ta riƙa naɗar waƙoƙinta tana ɗorawa a MySpace. Ga ƙannenmu da ba su san shi ba, shafi ne da aka buɗe a 2003, wanda ya yi tashe kafin Facebook ya kwace kasuwa. Kowa yana iya buɗe shafinsa ya ɗora waƙa, mutane su saurara kyauta, a ga adadin sauraren. Da daddare kuma tana zuwa ƙananan wuraren taro da gidajen shan shayi na Kuala Lumpur da kewaye, irin waɗanda ake ba kowa dama ya hau ya yi waƙa biyu ko uku. Cikin wuraren da ta yi wasa har da No Black Tie, sanannen gidan kiɗan jaz na birnin. Wasa a gaban 'yan mutane kaɗan yana koyar da abin da waya ba ta koyarwa, domin a nan kake ganin baitin da ya sa aka yi tsit da wanda ya sa aka koma hira.

Ba ita kaɗai ba ce a wannan tafiya. A shekarun nan matasan Kuala Lumpur sun kafa ƙungiyoyin kiɗa masu zaman kansu, suna buga faifansu suna sayarwa a bakin ƙofar taro. Ƙungiyar Hujan ta yi suna ta MySpace. Estranged da Meet Uncle Hussain, su ma 'yan indi, sun ci babbar gasar waƙa ta ƙasar, Anugerah Juara Lagu, ɗaya bayan ɗaya. Wata yarinya kuma, Zee Avi, ta ɗora waƙoƙinta a YouTube a 2007, har kamfanin Brushfire na Amurka ya fitar mata da kundi a 2009. Saboda haka lokacin da Yuna ta iso, akwai masu sauraro da suka saba neman sabon abu a wajen rediyo, akwai makaɗa da za su taya ta, akwai wuraren da za a tsaya a yi wasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gida ne ya fara karɓarta

A 2008 ta fitar da ƙaramin kundi mai sunanta, a ƙarƙashin kamfanin da ta kafa da kanta, Yuna Room Records, wato faifan ɗakin Yuna. Yawancin waƙoƙin da Turanci ne, amma wadda ta fasa gari da Malayanci take, sunanta "Dan Sebenarnya". Kada ku karanta shi da Hausa, "dan" a harshensu yana nufin "da" ko "kuma", sunan waƙar kuwa kusan "kuma a gaskiya" yake nufi. Gidajen rediyo suka ɗauka saboda masu sauraro suna ta nema. Sauraren waƙoƙinta a MySpace ya wuce miliyan ɗaya.

A farkon 2010 waƙar ta zo ta biyu a Anugerah Juara Lagu, gasar da tashar TV3 ke shiryawa tun 1986. A wannan shekarar, a bikin Anugerah Industri Muzik, wanda ya yi daidai da bikin lambobin yabon waƙa namu na Gana, ta tafi gida da kambu huɗu, ciki har da na sabuwar mawaƙiya da na waƙar da ta fi kowace. Yarinyar da alƙalan gasa suka sallama shekara huɗu baya ke nan. A 2010 ɗin dai ta fitar da kundin Decorate.

A lura da wani abu. Ko bayan da ta fara aiki a Amurka, ba ta daina yi wa mutanenta waƙa da harshensu ba. A Janairun 2013 waƙarta "Terukir di Bintang" ta zo ta ɗaya a Anugerah Juara Lagu. Kundinta na 2019, wanda ke cike da manyan baƙi daga ƙasashe daban-daban, da waƙar Malayanci aka rufe shi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Masoyan gida su ne jarin da ta shiga kasuwar waje da shi. Wanda ya zo teburin ciniki da jama'a a bayansa ba a yi masa tayin da ake wa wanda ya zo da murya kaɗai.

Tafiya Amurka

Wani kamfanin manajoji na Los Angeles mai suna Indie-Pop ne ya ci karo da ita a MySpace. Ba ta yi rawar jiki ba, sai da suka tako har Malesiya suka same ta. A farkon 2011 ta sa hannu da Fader Label, ƙaramin kamfani mai zaman kansa a birnin New York, wanda ya fitar da Decorate a matsayin ƙaramin kundi a Amurka. A 2012 Pharrell Williams, wanda daga baya duniya ta haddace waƙarsa "Happy", ya haɗa mata kiɗan "Live Your Life". A Afrilun shekarar kundinta na farko na ƙasa da ƙasa ya fito, daga baya a shekarar ta hau dandamalin bikin Lollapalooza a Chicago, ta kuma rera wata tsohuwar waƙar Beatles a fim ɗin Savages na Oliver Stone.

A 2013 ta koma kamfanin Verve, wanda ke ƙarƙashin Universal. Shugabansa a lokacin David Foster ne, mutumin da ya yi aiki da Whitney Houston da Celine Dion. Kundin Nocturnal ya fito a Oktoban shekarar. Sai kuma Chapters a Mayun 2016, mai ɗauke da "Crush", waƙar da ta yi da Usher. Waƙar ta kai lamba 3 a ɗaya daga jadawalin R&B na mujallar Billboard, daga baya kuma ta samu shaidar zinare ta ƙungiyar masu faifai ta Amurka.

Bari mu fassara wannan shaida da lissafi. Zinare yana nufin an sayar da kwafi 500,000 a cikin Amurka kaɗai. A ƙa'idarsu, saurare 150 ta intanet shi ne daidai da kwafi ɗaya. In da saurare kawai za a tara, sai an saurari waƙa sau miliyan 75 kafin ta kai. Ƙaninmu da bidiyonsa ya samu kallo dubu ashirin ya ɗauka ya iso, ya duba wannan adadi ya gane inda hanyar ta nufa.

A Yulin 2019 ta fitar da Rouge, inda ta gayyato Tyler, the Creator da G-Eazy daga Amurka, Little Simz daga Ingila, Jay Park mai waƙa a Koriya, da makaɗin jita Miyavi daga Japan. Kiɗanta ya tashi daga jita zalla ya koma R&B, amma rubutun waƙa bai bar hannunta ba. Bidiyon "Forevermore" na wannan kundi a Malesiya aka ɗauke shi, da fuskokin talakawan ƙasar, kuma mijinta Adam Sinclair, wanda ta aura a Janairun 2018, shi ya ba da umarni.

Maganar ɗankwali

Ba za a ba da labarin Yuna a tsallake wannan ba. Tun farkon fitowarta kanta a rufe yake. A Malesiya ana ce wa mayafin kai "tudung". A wancan lokaci an saba ganin mace mai tudung a waƙoƙin addini, amma yarinya mai rufe kai riƙe da jita tana waƙar soyayya da Turanci sabon abu ne. Ta sha faɗa a hirarraki cewa akwai masu harkar da suka ba ta shawara ta cire in tana son ta yi nisa, ta ƙi. Daga baya ta koma ɗaura shi kamar rawani, irin ɗaurin da iyayenmu mata ke yi ranar suna ko aure.

Suka ta zo mata daga gabas da yamma. A waje akwai masu ganin mace mai rufe kai ba ta da 'yanci. A gida kuma akwai masu cewa ɗaurin nata bai cika hijabi ba, tunda wuya a buɗe yake. A 2016, da ta rungumi Usher a kan dandamali bayan sun gama waƙa a Amurka, shafukan Malesiya sun ɗauki zafi kwana da kwanaki. A kundin Rouge ta yi waƙa guda, "Likes", a kan wannan matsi na ɓangarori biyu.

Mu ba malamai ba ne, kuma wannan shafi ba wurin fatawa ba ne. Malamanmu sun yi magana mai yawa a kan kiɗa da muryar mace, akwai saɓani a tsakaninsu, kowane gida kuma ya san malamin da yake bi. Ba mu ce duk abin da Yuna ta yi daidai ne ba. Abin da muke nunawa ɗaya ne: ta shiga kasuwar da aka ce mata sai ta tuɓe za ta sayar, ta sa iyakarta tun kafin kuɗi su zo, kuma kasuwar ce ta saba da ita. A 2015 kamfanin tufafi na Japan, Uniqlo, da ita ya yi tallar kayan suturar mata Musulmi da Hana Tajima ta zana. Ita ma ta buɗe shagon tufafinta, November Culture. Wanda bai yanke abin da ba zai sayar ba tun yana da yunwa, ranar da aka ajiye masa kuɗi a gaba ba zai iya yankewa ba.

Ina kuɗin waƙa yake?

Yanzu mu koma ga alkawarin da muka yi. Duk waƙar da ka ji a rediyo dukiya biyu ce a haɗe. Ta farko ita ce waƙar kanta, wato baitoci da kari, kuma ta wanda ya rubuta ce. Ta biyu ita ce naɗin da aka yi a situdiyo, wanda za mu kira uwar faifai, kuma galibi ta wanda ya biya kuɗin naɗin ce. Kowace tana da kuɗinta daban. In aka sa waƙa a rediyo ko otal ko fim, in wani mawaƙi ya sake rerawa, marubuci yana da kaso. Wanda ya rera waƙar wani, a situdiyon da wani ya biya, yana iya yin suna a duk faɗin ƙasa alhali bai mallaki ko ɗaya daga dukiyar biyu ba.

Sai maganar kafin alƙalami. In kamfani ya ba mawaƙi kuɗi ranar sa hannu, yawanci ba kyauta ba ce. Za a cire su daga kason mawaƙin, sau da yawa har da kuɗin situdiyo da na bidiyo, kuma ba zai ƙara ganin ko pesewa ba sai an gama cirewa. Motar da aka ba shi ya ɗauki hoto da ita ma tana iya kasancewa cikin lissafin. Tambayoyin da ya kamata a yi kafin a taɓa biro su ne: shekara nawa yarjejeniyar za ta yi, kundi nawa ake bi na, wa ke da uwar faifai kuma har yaushe, kashi nawa ne nawa, kamfani yana da kaso a kuɗin wasa da na talla ko babu, in muka ɓata yaya zan fita.

A nan za a ga amfanin abubuwan da Yuna ta riƙe. Ita ke rubuta waƙarta, don haka sunanta yana kan dukiya ta farko. Tana da kamfaninta tun kafin kowa ya neme ta. Ta yi karatun lauya, takardar yarjejeniya ba za ta zame mata baƙar magana ba. Da zamanta da Verve ya ƙare, ba ta rasa wurin komawa ba. Daga 2020 ta ci gaba da fitar da waƙoƙi da kanta, a 2022 kuma ta saki kundinta Y5 a ƙarƙashin Yuna Room Records, kashi-kashi cikin shekarar, ta haɗa shi cikakke a Nuwamba. Ta fara a indi, ta shiga babban kamfani, ta fito ta koma indi da sunanta a hannunta.

Akwai wani darasi da MySpace ɗin kansa ya bari. A Maris 2019 kamfanin ya amsa cewa waƙoƙin da aka ɗora daga 2003 zuwa 2015 sun ɓace lokacin da ake sauya ma'ajiya. An ƙiyasta waƙoƙi kusan miliyan 50 na mawaƙa miliyan 14. Duk wanda a can kaɗai ya ajiye aikinsa, ya tafi ke nan. Shafin intanet rumfar haya ce a kasuwar wani. Yau TikTok ne da Audiomack da Boomplay, gobe Allah ne masani.

Abin da ya shafe mu a zango

Gaskiya ɗaya ce, Yuna ba daga gidan talauci ta fito ba. Iyayenta ma'aikata ne, ta samu jami'a, ta samu kwamfuta da intanet a lokacin da ba kowa ke da su ba. Yawancin yaranmu a ɗaki ɗaya suke kwana da 'yan'uwa biyar, kuɗin data ma sai an yi dabara. Kuma a bayan kowace Yuna akwai ɗaruruwa da suka yi irin ƙoƙarinta ba wanda ya ji sunansu. Wanda ya ce wa yaro waƙa tabbatacciyar hanyar arziki ce ya cuce shi.

Duk da haka mun ga irin wannan hanya a gida. VIP daga Nima suka fito, "Ahomka Womu" ta zagaye Afirka ta Yamma. Fancy Gadam sai da ya cika filin wasa na Tamale da waƙoƙin Dagbanci kafin Ankara ta waiwaye shi. Black Sherif ɗan zangon Konongo ne, ya gama sakandare a Kumasi Academy, shi ke rubuta abin da yake rerawa, ya saki "First Sermon" da "Second Sermon" a 2021, a 2023 aka naɗa shi gwarzon mawaƙin shekara na Gana. Dukkansu da labarin unguwarsu suka fara, mutanen unguwarsu ne suka fara ɗaga su.

Ga ƙannenmu masu wannan sha'awa, ga abin da muke roƙo. Ku gama makaranta, aƙalla ku riƙe takardar sakandare, in da hali ku ƙara da sana'a ko jami'a. Ku koyi rubuta waƙarku, da Hausa ko da duk harshen da kuke mafarki da shi. Ku ajiye kwafin kowane aiki a wuri biyu ko uku da ke hannunku, ku karɓi asalin naɗin daga mai situdiyo ranar da kuka biya shi. In ku biyu ko uku kuka haɗa waƙa, ku rubuta kason kowa a takarda tun kafin ta fita, kowa ya sa hannu, ko da aminai ne ku. Dokar haƙƙin mallaka ta Gana ta 2005, mai lamba 690, tana kare aikin marubuci tsawon rayuwarsa da shekara 70 bayan mutuwarsa, wato gado ne da 'ya'ya da jikoki za su ci. Akwai ofishin haƙƙin mallaka inda ake rajistar aiki, akwai GHAMRO mai karɓar kuɗin amfani da waƙa a madadin masu ita, akwai ƙungiyar mawaƙa ta MUSIGA. Ku je ku yi tambaya. Kada ku sa hannu a kowace takarda a ranar da aka miƙo maku ita. Ku kai wa lauya ya karanta, wanda kuma ya ce ba za ku fita da takardar ba, ya riga ya gaya maku abin da ke ciki.

Ga 'yan'uwanmu mata, ku ƙara da wannan: kada ku je situdiyo ko ganawa da wani manaja ku kaɗai, ku tafi da yaya ko wa, gida kuma ya san inda kuke. Duk wanda ya ce sai kun canza shigarku ko kun biya da wani abin da ba kuɗi ba, ku bar masa damarsa.

Ga iyayenmu kuma, muna roƙo da ladabi. Yaron da aka kora saboda waƙa ba ya daina waƙa, ɓoyewa yake yi, kuma a ɓoye ne macuta ke samunsa. Ku zaunar da shi ku ji abin da yake rubutawa. Ku gindaya masa sharaɗi a kan karatu da sallah da lokacin dawowa gida, ku ce duk takardar da aka ba shi sai ta biyo ta hannunku. In kun ga abin bai dace da gidanku ba, ku faɗa masa dalili, ku haɗa shi da malamin da zai saurare shi.

Mai son jin yadda tafiyar Yuna ta kasance, ya nemi "Dan Sebenarnya" ya saurara, sannan ya bi ta da "Crush". Shekara takwas ke tsakaninsu. Duk wanda kuma aka ba shi yarjejeniya bai gane ta ba, ya tuntuɓi shugabannin matasan unguwarsa kafin ya sa hannu, a taya shi neman wanda ya san doka.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a abin da hannunmu ke nemowa. Wassalamu alaikum.